Tsinken Ashana da Tayar Ƙasar Ƙanƙara

Tunda ka ce taya za ka saya, Malam Haladu, kuma na ga idonka ya karkata ga waɗancan masu araha, ja benci ka zauna in ba ka misali. Ba hana ka zan yi ba, aljihunka ne.

A zamanin da Fijo take sarauniyar hanya, an yi wani direba mai jigila tsakanin Gumel da Haɗeja. Kai, Allah ya jiƙan zamani! Mota ɗaya mutum zai riƙe shekara ashirin, ya san tarinta ya san atishawarta, fasinja kuma su ƙi shiga ta kowa sai tasa ko da za su wuni a tasha. Wani tsoho ne ya koya wa direban nan tuƙi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, har aure shi ya yi masa. A wurinsa ya gaji wata dabara: in zai sayi taya, sai ya zaro tsinken ashana ya zura a kwarin zanenta. In tsinke ya nutse da zurfi, taya ta yi. A lokacin kuwa dabarar tana ci, don tayoyin da ke kasuwa duk masu tauri ne, masu tsada, irin waɗanda ke shanye zafin bazara su kuma kama ƙasa da damina. Kowace kaka, in an yi girbi fasinja sun yawaita, sai ya sauya guda biyu, yana ƙunƙuni yana biya.

Wata shekara sai ga wasu tayoyi sun cika kasuwa, 'yan gwanjo daga ƙetare, baƙaƙe wuluk, zane raɗau, ga araha kamar kyauta. Direba ya zura tsinke, tsinke ya nutse har kai. Tun da yake bai taɓa ganin zurfi irin wannan ba. Dattijon da ya saba saye a shagonsa ya ce masa, "Malam, waɗannan don ƙasar ƙanƙara aka yi su. Danna ka ji laushinsu. Ba su san ranarmu ba." Direba ya yi dariya, a ransa ya ce ai dole ya kushe, tunda ribar masu tsada ta fi tsoka. Shi da ya tsufa yana auna taya, yau za a koya masa? Ya ɗaura huɗu, ya ƙara ta biyar safaya, da abin da ya rage ya yi wa kujeru sabuwar riga, ya sa rediyo mai kaset. Kuma tsakani da Allah, da sanyi ba su ba shi kunya ba. Mota tana tafiya sumul kamar a kan katifa, har yana yi wa abokansa ba'a a tasha, wai su ne masu kuɗin zubarwa.

Sai bazara ta kankama, irin wadda kwalta ke narkewa tana kama takalmi. Ran nan da hantsi wani ɗan kasuwa ya sauka a tasha da saƙo daga Nguru, inda tsohon da ya koya masa tuƙi ya koma da zama: jiki ya yi tsanani, kuma ba sunan da yake kira sai na direban nan. Ko fasinja bai tsaya ɗauka ba. Ya taka mota cikin zafin rana, hankalinsa duk yana can, yana tuna ranar da tsohon ya fara damƙa masa sitiyari, da ranƙwashin da ya sha kafin ya iya sauya giya, da ƙosan da suke rabawa a takarda ɗaya. Yana wuce Malam Madori ya ji fam! ta baya ta fashe. Ya ɗaura safaya, ƙarfe yana ƙona masa hannu. Bai yi wani nisa ba ta gaba ta ɗaye kamar ɓawon rogo. Haka ya garo ta a ƙasa har wani ƙauye wurin mai faci, gumi yana shigar masa ido. Mai faci ya juya ta, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan ba huda ba ce. Dahuwa ta yi." Ya bar motar da bai taɓa nisa da ita ba a bakin daji, ya tsaya yana ɗaga wa duk abin da ya gifta hannu, har wata akori-kura mai buhunan gero ta ji tausayinsa.

Bayan la'asar ya isa. A bakin unguwa ya yi kiciɓis da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk ƙasa. Da ya shiga ya durƙusa gaban matar tsohon, ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Tun safe in ya ji ƙarar mota sai ya ɗaga kai ya ce a leƙa, kai ne. Ya ce kai ba ka taɓa yin latti ba."

Nan ya fashe da kuka, mutum da furfura a gemu, bai ji kunyar kowa ba. Ya san rai na Allah ne, ko a jirgi ya zo ba zai ƙara wa tsohon numfashi ɗaya ba. Amma ya rasa ganawa, ya rasa neman gafara, ya rasa ko sallar gawar mutumin da ya mai da shi mutum, kuma wannan baƙin cikin bai bar shi ba har ya ajiye tuƙi. Bai taɓa zagin masu gwanjo ba, bai taɓa ɗora wa rana laifi ba, don an gaya masa gaskiya da bakin da ba ya ƙarya, shi ya biya da hannunsa ya ɗauka. Ai Hausawa sun gama magana, Malam Haladu: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.