Furen Kitulo

A bakin gidan waya Tumpale ta mayar wa Lusajo, mai gadin daji, wasiƙarsa ta neman aure, ko buɗewa ba ta yi ba.

"Haba Tumpale, ko karantawa?"

Ta ɗora yatsa bisa kan sarkin da ya manna, mai hoton furen nan na dutsen Kitulo da aka hana tonawa.

"Wannan ya ishe ni. Saiwarsa Mama take sayarwa ta ciyar da mu, har ranar da ka kama ta."

Ya sunkuyar da kai. "Aikina ne. Furen ƙarewa yake yi."

"Mama ma ƙarewa take yi a tsare." Idonta ya ciko. "Ita wa zai buga hotonta?"