Mai Kai Tsegumina Gida

Ranar da za a rushe silimar unguwarmu, na tare tsohon mai yanka tikiti a bakin ƙofa.

"Tsoho, yau dai ka faɗa mini gaskiya. Kai kake kai tsegumina gida, ko?"

Ina yaro, duk ranar da na saci jiki na shiga kallo, sai Baba ya zane ni, yana cewa gidan shaiɗanu ne.

Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ni ina ruwana? Babanka ai a layin bayanka yake zama, ya ja hula har gira. Ba tarbiyya yake maka ba. Wannan ƙaton kan naka ne yake tare masa fim."