Mai Zanen 'Yan Kokawa

Muna jiran a ɗaga shinge a iyakar Jibiya, dattijon da ke gefena a mota ya karɓi 'yar mujallar kokawar da nake zanawa ina kaiwa Maraɗi.

Ya ce, "Yaro, Shari'a ta zo kana zanen mutane? Ranar ƙiyama za a ce ka busa musu rai."

Ya yi ta buɗe shafuka. Duk 'yan kokawar fuskarsu ɗaya.

"Wane ne wannan?"

"Yayana ne, Baba. Bara aka kada shi a fili, bai sake tashi ba."

Dattijon ya rufe mujallar, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, in an ce in busa ɗin, za a bar ni in gwada?"