Shatin Yatsan Baba

Mako guda da rasuwar babanta, ta tarar da akushinsa na ƙarshe maƙale a injin juya katako, ga shatin babban yatsansa a cikin man sheƙin da ya bushe.

"Ƙarasa shi mana, 'yar Baba," in ji yayanta. "Mai shi ya gaji da sintiri. Ko kallo ne zai goge shi?"

Ta san aikin. In inji ya juya, tsumma ba ya tsallake ko'ina, zafin gugar zai narkar da komai.

Washegari ta kunna injin, ta danna tsumman har yatsunta suka yi zafi. Shatin ya narke, akushin ya ɗau ƙyalli. Kafin man ya huce, ta ɗora nata yatsan a gurbin.