Farfesan Aro

Ana cikin sauke kwamfutoci daga bayan a-kori-kura mai gadi ya rako wani dattijo ofishin Dakta Balaraba. Ita ce shugabar sashen horar da malaman firamare a wata jami'ar koyon malanta da ke arewacin Kaduna, kuma washegari tawagar tantancewa za ta iso daga Abuja.

Kowace shekara jami'ar kan fitar da rahoto mai sheƙi: koyarwa ta inganta, bincike ya bunƙasa, komai na tafiya gaba. Balaraba ta san yadda ake dafa rahoton, don da hannunta a ciki. Ƙwararrun malamanta sun watse, wasu ƙasashen waje, wasu jami'o'in kuɗi. Bana kuwa ba takarda za a karanta ba, da ido za a duba. In sashen ya faɗi rufe shi za a yi, 'yan ajin ƙarshe su fita da shaidar da ba ta da amfani ko'ina.

Shi ya sa aka shiga aro. Kwamfutocin na wani shagon intanet ne a Hayin Banki. Littattafan ɗakin karatu daga wata makarantar kuɗi aka kwaso su a Doka, aka liƙe hatiminsu. Malaman ma aro ne. Shugaban tsangaya, Farfesa Abdulƙadir, ya yi mata alkawarin wani farfesa mai ritaya daga Zariya, wanda zai iso ranar ko kuma gobe da sassafe, ya cika kujera na yini guda.

Don haka da ta ga dattijon, da furfurarsa da 'yar jakarsa, sai ta yi ajiyar zuciya. Ta tambaye shi ko shi ne aka turo. Ya ce turo shi aka yi, sunansa Sharhabil. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, wayarta ta yi ƙara, ta yafito shi ya biyo ta.

Ta kai shi ofishin da aka share masa, ta karanta masa darussan da zai ce yana koyarwa da shekarun da zai ce ya yi a sashen. Ta miƙa masa katin ma'aikata. Ya juya shi, ya duba, ya sa a aljihu. Masaukin da aka tanada ma ya ce a bar shi, an riga an yi masa wuri.

Bai cika magana ba, sai tambaya. Na wa ne wannan? Yaushe za a mayar? Ta riƙa amsa masa ba ɓoye-ɓoye, don wanda zai yi ƙarya a madadinka gara ya san inda ramukan suke.

Hankalinta yana kan wani ne dabam. Cikin malaman aro akwai wani Datti, mutum mai yawan leƙe-leƙe, da ke ɗaukar hoton komai da wayarsa. An sha jin cewa tawagar kan sa ɗan leƙen asiri tun kafin ta zo. Duk inda Balaraba ta juya sai ta ga Datti a bakin ƙofa. Ta rage murya ta gaya wa dattijon zarginta. Ya kalli Datti, ya ce a ganinsa hoto kawai mutumin ke so.

Da la'asar hadari ya haɗo. Suna wucewa ta bayan ginin sai dattijon ya tsaya jikin tagar wani aji da rufinsa ya ɓule. A ciki 'yan ajin ƙarshe ne ke gwada koyar da haruffa da kwalaye da murafen kwalba, ɗaya na koyarwa, sauran sun zama yara. Balaraba ce ta koya musu haka, kuma da wannan suke zuwa firamaren Badarawa. Ya daɗe yana kallo, har iska ta fara kaɗa masa riga. Ya tambaya ko za a nuna wa baƙi wannan ajin. Ta ce kulle shi za a yi.

"Baba, masu zuwa ba koyarwa suke nema ba," in ji ta. "Kwamfuta za su ƙirga, su ci kaza, su sa hannu. Haka suke duk inda suka je."

Ya gyaɗa kai a hankali.

Gari ya waye da yayyafi. Aka jera malamai a zauren taro, na gaske da na aro, dattijon a gefen Balaraba. Ta sa an karɓe wayar Datti. Motoci suka shigo harabar, zauren ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a bokitin da aka ɓoye bayan labule.

Farfesa Abdulƙadir ya shigo gaban baƙi, yana gumi duk da sanyin. Ya sunkuyo kusa da kunnen Balaraba ya ce ta yi haƙuri, mutumin Zariya yana asibiti, ba zai samu zuwa ba.

Balaraba ta ɗago kai. Kafin ta juya, matar da ke gaban tawagar ta tsaya cak, ta rusuna wa dattijon, ta ja masa babbar kujerar da aka tanadar wa shugaban tawagar.

"Ranka ya daɗe, shugaba," ta ce, "ashe ka riga mu fara aikin tun jiya."