Gaisuwa Ce Kawai

Tun da manhajar waya ta karɓi aikin amsa kiran 'yan kasuwa, mai saye kaɗai take haɗawa da mai shago.

Ranar Talata Hajiya Tasalla mai atamfa ta je ta'aziyyar Ɗanlami, tsohon telanta.

Matarsa ta ce, "Hajiya, ya yi ta kiranki daga asibiti."

A hanyar gida ta buɗe tarihin kira. Ga sunansa jere a ƙarƙashin "ba ciniki". Ta danna na ƙarshe, muryar da aka naɗa ta fara fitowa.

"Me za ka saya?" in ji manhajar.

Ya daɗe yana numfashi, irin na mai kunyar roƙo. "Ba komai. Gaisuwa ce kawai."

"An adana gaisuwarka."

Tasalla ta matse wayar a kunne. A hankali ta ce, "Ina amsawa, Ɗanlami. Ya jiki?"