Wayar da Kawu Ya Zaɓa

Injiniya mai gyara da sayar da waya ya jera wayoyi biyu a kan gilashin kantarsa, ya goge fuskokinsu da gefen riga, ya fara wa'azin da ya saba. Mutum ne da in ka tambaye shi caja sai ya ba ka tarihin wutar lantarki.

"Wannan gida ne mai ƙofa ɗaya," in ji shi. "Manhaja ba ta shiga sai ta kasuwar kamfanin, gyaran tsaro kuma yana iso wa kowa lokaci guda. Wannan kuwa ƙofofinta da yawa. Kana da sakewa, amma kamfanoni barkatai ke ƙera ta, wani ya turo gyara da wuri, wani ya manta da kai. Sababbinsu dai duk suna da tauri."

Auta ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Idonta na kan titi, duk babur ɗin da ya rage gudu sai gabanta ya faɗi.

A wani siton magunguna take aiki, aikin da Kawu, ƙanen mahaifiyarta, ya samar mata ta hannun wani abokinsa. Rannan ta shiga ɗakin baya neman kwali, ta tarar ana ɓare takardun maganin tarin yara da ya daɗe da lalacewa, ana manna masa sabon kwanan wata. Ta laɓe ta ɗauki hotuna da bidiyo. Mai siton ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, kullum sai dai manaja ya ce maigida ya ce a yi kaza.

Mama kaɗai ta gaya wa. Mama kuwa, tun rasuwar mijinta, ko kwan fitila ne ya mutu sai ta kira ƙanenta. A gabansu su biyu Auta ta ce in wani abu ya same ta, a kai wayarta wurin mai gyara a buɗe, komai na ciki.

Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa daga lambar da ba ta sani ba. Na ƙarshe har kalar mayafin da ta fita da shi ya faɗa.

Shi ya sa Kawu ya bar harkokinsa ya kawo ta nan. Ya miƙa wa Injiniya tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ya tambayi ƙarfinta. Injiniya ya yi dariya ya ce wannan ta daina samun gyaran tsaro tuntuni, kafin shayinsa ya huce zai buɗe ta.

Fuskar Kawu ta ɓaci. Ya nuna sababbin.

"Wacce ce in ta faɗa hannun wasu, mai ita ba ta kusa, ba yadda za a yi da ita? Ko da hukuma ce ta kawo maka?"

"In lambar sirri doguwa ce, Alhaji, ko wacce ka kawo min sai dai in ba ka haƙuri. Akwai ma saitin da in aka yi ta gwada lamba ba daidai ba, wayar za ta share kanta tas."

Kawu ya sa aka nuna masa saitin a kowace, ya yi ta juya su yana tambaya kamar mai sayen rago. Daga ƙarshe ya zaɓi ɗaya, bai nemi ragi ba.

Komai ya tsaya a kai da kansa. Ban da buɗewa da yatsa ko fuska, don ana iya danne mutum a ɗora yatsansa. Ban da ajiyar intanet, don ta nan ɓarayi ke shiga. Aka kwashe hotunan zuwa sabuwar, aka wanke tsohuwar fes, Kawu ya jefa ta aljihu. Da aka zo saka lambar sirri, sai ya juya mata baya.

"Ko ni kar ki gaya wa. Ko Mamanki. A kanki kaɗai za ta zauna."

Hawaye ya cika idon Auta. Rabon da wani ya tsaya mata haka tun mahaifinta na da rai.

A mota ta ce ko ta tura wa ƙawarta kwafi, saboda tsaro. Kawu ya girgiza kai, ya ce kada ta jefa 'yar mutane cikin masifa. Ya riga ya yi magana da wani babban jami'i, gobe mota za ta zo ta kai ta, ta buɗe masa wayar da hannunta.

'Yar tsohuwar wayarsa mai madannai ta yi ta ruri a aljihu, bai ɗauka ba. Auta ta tsokane shi, wai ya saya mata ta zamani shi yana fama da ta kakanni. Ya yi murmushi ya ce tsoho da tsohuwarsa.

Ya sauke ta a ƙofar gida, ya ce ta gaishe da Yaya, ya jira har ta shige tana rungume da kwalin sabuwar wayar a ƙirji. Sannan ya ɗaga gilashin mota, ya ciro 'yar wayar, ya kira lambar da ta yi ta nemansa.

"Hotunan suna wuri ɗaya yanzu, mabuɗinsu kuma yana kai ɗaya. Gobe ku tura motar."

"An gama, maigida," in ji manajan sito.